Ɗan Shamuwa a Rumbun Inna

Shekaranjiya da hantsi, bayan ruwan da muka yi mako ana jira ya sauka ya ɗauke, ina zaune a bakin ɗakina a nan Zinder ina tsintar shinkafa, sai ga jikata Nafisa a guje, hannuwanta biyu dunƙule a ƙirji. Shekararta takwas, kuma tun da aka ba su hutun lakwal, wato makaranta, babu abin da ya tsira daga hannunta a gidan nan, daga ƙadangare har tabarauna. Ta buɗe hannun a hankali ta nuna mini ɗan kurciya, ya jiƙe sharkaf, ya faɗo daga dogon yaron tsakar gida. Kafin in ce uffan ta ajiye mini shi a cinya, ta ruga madafa, ta dawo da kofin kunu da ƙaramin cokali.

Kofin nan shi ya mayar da ni gida, wani ƙauye kusa da Zermu, inda aka haife ni. Na ga tsamiyar bayan gidanmu, na ga kaina ina ƴar shekara tara, riƙe da ƙoƙon kunu, ina shirin yin irin abin da yarinyar nan take shirin yi.

Shekarar ta zo mana a karkace. Daminar da ta gabata ba ta ba da abin kirki ba, saboda haka tun bazara ba ta yi nisa ba Inna ta shiga rumbu da tsintsiya, ta share gindinsa, ta sheƙe abin da ta samu. Geron iri kaɗai ya rage, shi kuma Baba ya ɗura shi a tulu ya liƙe bakin da laka, don ya san halin yunwa, ya kuma san halina. Zafin bazarar nan har yau ina jin sa a tafin ƙafata. In za mu rijiya sai mu riƙa tsalle daga inuwa zuwa inuwa, gugan kuma ya daɗe yana tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa.

Ana cikin haka shamuwa ta iso. Wanda ya tashi a birni wataƙila bai san matsayinta ba. Tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu, bayanta baƙi, ƙasanta fari, ba a ganin ta sai damina ta matso. Ba ta sheƙa a daji, cikin gari take zuwa ta zauna da mutane, kuma a tsamiyarmu kaɗai akwai sheƙa ta kai biyar. Ba a jifan ta, ba a cin ta, ko da yunwa ta kai inda ta kai. Tun muna ƙanana aka cusa mana abu biyu a ka. Na farko, wanda ya cuci shamuwa ya kori ruwa daga garinsu. Na biyu, ɗan tsuntsun da hannun mutum ya taɓa, uwarsa ba ta ƙara karɓar sa, wai tana jin warin hannu. Ban san wanda ya fara faɗar su ba, amma mun haddace su fiye da karatun allo.

Da ruwan shuka ya sauka aka fasa bakin tulu. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige, ƙanena Sani goye a bayanta, lokacin watansa bakwai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya sa ni jin yunwa fiye da kullum, har na ɗan jefa iri a baki Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Da gero ya tsiro, Baba ya bi sauran mazan gari kudu neman ƙwadago, ko ya samo mana hatsi. Ya bar gonar a hannun Inna da ƙanenta, Kawu Idi, wanda gonarsa take maƙwabtaka da tamu.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da sassafe Inna ta dama kunu da ɗan tsakin dawar da Kawu yake raba mana, tsararo ne ƙwarai, kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ta zuba mini nawa a ƙoƙo, ta bar nata a ƙwarya. Daga nan sai gona, ita da Kawu suna noma, yau a tamu gobe a tasa, ni ina zaune da Sani a gindin gawo ina kore masa ƙuda. In rana ta take mu dawo, in ɗauki kwando in shiga bayan gari neman tafasa da yaɗiya. A kusurwar tsakar gida akwai tukunyar da aka jiƙa ƴaƴan anza, wani itacen daji, kullum sai an sake musu ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Da yamma a dafa ganye, a barbaɗa gishiri da barkono, ba ƙuli-ƙuli ba mai, mu ci mu sha ruwa a kai. Ni a gwiwa na fi jin yunwar, in na miƙe da sauri sai na dafa wani abu.

Gero ya kai gwiwa sai ruwa ya ɗauke. Mako guda, mako biyu. Ganye ya fara nannaɗewa, da tsakar rana gonar takan koma launin toka. Manya suka rage magana. Kowa ya fito daga ɗaki gabas yake fara dubawa.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, har mata suka fara jera tukwane a bakin ɗakuna. Sai iska ta riga shi. Ta kwashe danga, ta yaye rufin ɗakin maƙwabta, ta yi ta girgiza tsamiya kamar za ta tuge ta. Da ta lafa, abin da muka samu yayyafi ne da bai ko kwantar da ƙura ba. Na zagaya bayan gida neman akuyarmu, a nan na ga ɗan shamuwa a gindin tsamiya cikin tarin ƙirare. Girmansa kamar budurwar kaza, gashin jikinsa toka-toka mai laushi, bakinsa ya yi masa yawa, ƙafafunsa ba su iya ɗaukar sa. Karen maƙwabta yana tsaye nesa kaɗan yana kallon sa.

Na jefi karen, na sunkuce ɗan tsuntsun na rungume. Sai da na ji bugun zuciyarsa a hannuna sannan na tuna. Na taɓa shi, ke nan uwarsa ta gama da shi. In na ajiye shi kare ya cinye, ni na cuce shi. In na kai wa Inna, gari ya ji cewa a gidanmu aka ɗauki ɗan shamuwa alhali ana neman ruwa ido rufe. A hankalina na ƴar shekara tara hanya ɗaya ta rage: kada ya mutu a hannuna, kada kuma kowa ya sani.

Rumbunmu na zana ne, an ɗora shi a kan duwatsu, a gefensa akwai kafar da akuya ta huda tun bazara, ba a damu da toshewa ba tunda babu abin da za ta ci a ciki. Ta nan na kutsa na ajiye shi a kan tsumma. Babu mai leƙa rumbun da ba komai, wannan kam na yi dabara.

Washegari na kurɓi kununa sau biyu, na ɓoye sauran a bayan turmi. Da muka dawo daga gona na shiga rumbu, na buɗe bakinsa da yatsa na ɗura masa. Ya shaƙe, ya girgiza kai, kunun ya fito ta hancinsa ya gangaro ƙirji. Na bi da ruwa, shi ma haka. Ban kawo a raina cewa abincin ne ba nasa ba. A duniyar da na sani, duk mai rai kunu yake nema bai samu ba. Sai na ɗauka bai ishe shi ba ne.

Rana ta biyu na yi abin da ban taɓa yi ba tun da yunwar ta shigo. Na miƙa wa Inna ƙoƙona na ce ban ƙoshi ba. Ta dube ni, ta dubi wuyana da ya zama kamar na gauraka, ta karkata ƙwaryarta ta ƙara mini. Rana ta uku ba sai na roƙa ba. Rana ta huɗu, ina fita da ƙoƙon ɓoye a cikin zane na waiwaya, na gan ta ta zuba ruwa a ƙwaryar, ta karkaɗa, ta shanye ɗaurayen, ta ɗauki hauya. Sani yana ta kama nono yana saki yana kuka. Na gani da idona, na kuma gane abin da na gani. Duk da haka na wuce rumbu na ɗura wa tsuntsu, ya zubar a ƙasa. Wannan abu shi ne ya fi ci mini rai a duk tarihin yarintata, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ranar ta kama Juma'a, maza suka fita bayan gari roƙon ruwa, mata suka taru a bakin rijiya. Wata tsohuwa ta ce ruwa ba ya ɗaukewa haka kawai, lalle akwai wanda ya yi wani abu a garin nan. Ita wataƙila da wasu manya take, amma ni na tabbata da ni take. Na ɗora tuluna a ka na dawo gida.

Rana ta biyar ya kasa ɗaga kai. Ƙirjinsa ya ƙanƙare da busasshen kunu, idanunsa rabi a rufe, numfashinsa yana ƙara. Na zauna a cikin rumbu da tsakar rana, zafi kamar a tanda, ina kuka a hankali don kada a ji. Sai hasken kafar ya toshe. Inna ce ta durƙusa ta leƙo.

Na jira duka, har na kare kaina da hannu. Ba ta ko dube ni ba. Tsuntsun ta duba, sannan ta dubi gindin rumbun, inda kunun kwana huɗu ya zuba ya bushe ya yi ɓawo. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Kwana nawa?" ta ce.

"Biyar, Inna."

"Abu," ta ce, haka take kirana, "shi ba ya shan kunu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan kunun, ran nan da duk sauran ranakun rayuwarta. Ta ce in fito da shi, ta aika a kira Kawu Idi.

Kawu mutum ne mai barkwanci, ko a shekarar nan bai daina ba. Da na gaya masa dalilina cikin shessheƙa, ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Ya tambaye ni wace shamuwa ce ta taɓa sansana hannuna ta ba ni labari. Ya ce tun yana saurayi yake mayar da ƴaƴan tsuntsaye sheƙa bayan iska, bai taɓa ganin uwar da ta ƙi nata ba. Sannan ya daina dariya ya ce, "Ranar da kika tsince shi, da sama kika duba, da kin ga uwarsa. Kwana biyar ke nan tana kewaya gidan nan."

Ya ce kafin a mayar da shi sai ya ɗan samu ƙarfi. Ya jiƙa tsumma ya goge masa ƙirji da hanci, ya tura ni bakin gona in kamo fara, ƙananan nan na damina, ba irin na kaka da ake soyawa ba. Na kamo cikin tafin hannu, na kai hannu zan buɗe masa baki, Kawu ya buge mini yatsa. Ya ce in zuba a gabansa in janye. Muka zuba ido. Can ɗan tsuntsun ya buɗe ido, ya karkata kai, ya kai sara ya kuskure, ya sake ya samu. Ya haɗiye ya nemi wata. Abin da yake buƙata yana ta tsalle a ciyawa kyauta, ni kuwa ina kwashe abincin uwata.

Iskar ta yaga rabin sheƙar, don haka Inna ta ba da tsohon kwandonta na tsintar ganye. Kawu ya sa tsuntsun a ciki, ya rataya a wuya da igiyar kaba, ya kama tsamiya. Mutumin da a da yake hawa kamar biri, ran nan sau biyu yana tsayawa ya rungume reshe ya huta, don shi ma ganye ne a cikinsa. Shamuwoyi suka tashi suna kaɗa baki a kansa. Ya ɗaure kwandon a daidai wurin da sheƙar ta yage, ya jawo ƙirare ya haɗe su, ya matsar da ɗan kusa da ɗan'uwansa guda da ya rage a ciki. Ya sauko hannuwansa duk sun kuje.

Ni na kafe a gindin itacen, wuya a sama. Inna ta kama hannuna ta ce muddin ina tsaye a nan uwar ba za ta sauka ba. Ta ja ni bayan danga, muka zauna muna leƙe ta tsakanin kara. Wannan jiran ya fi mini kwana biyar ɗin tsawo. Uwar ta sauka a wani reshe can sama, ta tashi, ta dawo, ta sake tashi. Na ce wa Inna ta ji warin hannuna. Inna ta ce in rufe baki. Sai da inuwa ta fara tsawo sannan ta dira a bakin kwandon, ta tsaya tana kallon ciki. Ta sunkuyar da kai ta amayo abin da ta kawo, muka hango kawuna biyu suna rige-rige. Da suka gama ta juya wa rana baya, ta ɗan buɗe fukafukai ta yi musu inuwa. Na ji hannun Inna ya saki nawa.

Ruwa bai zo ran nan ba, bai zo washegari ba. Sai bayan kwana huɗu ya sauka, irin mai cika kwari ya tsaya. Allah ne ya kawo abinsa a lokacin da ya so, amma a lokacin na yi ta tafiya cikin gari da ƙirji a gaba, ina jin ni da Kawu muka yi aikin. Geron da ya nannaɗe ya warware. Ba mu fita daga yunwa nan da nan ba, mun ƙara makonni a kan tafasa da anza, har ranar da Inna ta karyo kan gero uku ta gasa mana tumu, na ci har da ƙonannen. Baba ya dawo da rabin buhu a kan jakin aro. Da kaka ta yi shamuwoyi suka taru a fadama suka tafi. Na yi ta duba ko zan gane nawa, duk sun zama iri ɗaya.

Sani ya rayu. Yanzu ƙaton mutum ne mai tumbi, in ya zo gaishe ni ya cinye mini kwano biyu nakan dube shi in yi hamdala a raina, shi yana zaton rowa nake. Inna ta rasu shekaru da yawa da suka wuce, a ɗakin nan da nake ciki. Na yi jinyarta, na dama mata kunu mai kauri da madara da sukari ba adadi, amma ban taɓa iya buɗe baki in ce mata na gan ta ran nan tana shan ɗauraye ba. Kunya ta hana ni, ina ta cewa sai gobe.

Duk wannan ya wuce mini a ka kafin Nafisa ta gama gyara zama da cokalinta. Na riƙe hannunta na ce kada ta sa masa komai a baki, ko ruwa, shaƙewa zai yi. Na duba shi, ba rauni, gashinsa ya kusa cika, irin waɗanda suke koyon tashi ne ruwa ya kayar. Na ce mata da tsirara yake da sheƙarsa za mu nema mu mayar da shi, amma wannan reshe kawai yake so. Ta ce ai ta riga ta taɓa shi, ƙawayenta na lakwal sun ce uwar ba za ta karɓe shi ba. Na yi dariya irin ta Kawu. Shekara hamsin da ɗoriya, an kawo lantarki an kawo famfo, maganar nan tana nan da ranta.

Na ce ta ɗaga kai. Ga uwar nan a kan katanga tana ta leƙe. Muka goge shi da tsumma, muka sa shi a ƙaramin kwandon albasa, Nafisa ta hau kujera ta rataya a reshen da ya fi kusa. Muka kulle kyanwar gidan a ɗaki, wata malalaciya da ko tuwo ba ta ci, tana ta ƙorafi. Sannan na ja yarinyar zuwa bakin ɗakina, don ita ma ta kafe a gindin itacen. Ba a daɗe ba uwar ta sauka.

Nafisa ta yi ta murna, sannan ta tuna da kofin da ke hannunta. "To kunun fa, Kaka?"

Na tambaye ta ina ta samo shi, don na san an gama karyawa tun ɗazu. Ta ce na Mamanta ne, ta ajiye ya huce. Uwar tata, Rabi, matar ɗana, tana can bakin famfo tun safe tana wanki, jaririnta ɗan wata huɗu goye a baya.

"Ita ta ce in ɗauka," in ji Nafisa. "Wai ba ta jin yunwa."

Na dubi bayan Rabi, ta sunkuya a kan bahon wanki, zanen goyon ya jiƙe da gumi.

"Mayar mata," na ce. "Ki tsaya a kanta har sai ta shanye."